Yaran da tarinsu ya ƙi jin magani: abin da nake rubutawa tun shigowar sanyi

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau dai na sayo littafi na fara abin da na daɗe ina cewa zan yi. Shekarata tara ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a bayan garin Kano, ma'aikaciyar lafiya ce ni ta matakin farko duk da iyaye mata likita suke ce min, wasu suce sista. Akwai wasu yara da har na haddace fuskarsu da irin tarinsu, ana kawo su da tari da haki, mu ƙirga numfashi mu bada amoksil su tafi, bayan sati biyu ko uku sai gasu sun dawo da abu ɗaya, mu kuma mu sake rubuta abin da muka rubuta wancan karon. Wallahi abin ya fara hana ni bacci. Kati ya cika da tari, tari, tari amma babu wanda ya taɓa zama ya tambayi me yasa na wannan yaron baya ƙarewa, har da ni.

Na ɗauko katunan wata shida da suka wuce na ware 'yan ƙasa da shekara 5 da suka zo sau uku ko fiye da matsalar numfashi. Tara na samu. Incaj ɗinmu ta yarda in riƙa binsu gida in na tashi aiki, tace sharaɗi ɗaya, kar in fara bada magani da ka, nawa tambaya da rubutu da turawa gaba. Ba zan sa sunan kowa a nan ba, lamba zan basu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na zaga gida shida. Tambayoyin da nake yi ba wasu masu wuya bane: yaushe abin ya fara, da dare yafi ko da rana, akwai zazzaɓi, yana ƙara nauyi ko ramewa yake, wa yake tari a gidan, da me ake girki kuma a ina, me ake kunnawa a ɗaki da dare, ina katin riga-kafi. Sai in sa uwar ta ɗaga masa riga in ƙirga numfashi minti ɗaya cur yana zaune lafiya ba yana kuka ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bamu ita ce jaririn da bai kai wata 2 ba in ya kai 60 a minti ya yi sauri, daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya kuma numfashi 50 ne, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Na koya wa iyayen suma su ƙirga da agogon waya, da kuma su duba ko ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki in ya ja iska, wannan kam ba'a kwana da shi a gida.

Kusan kowace uwa amsa ɗaya ta fara bani, "sanyi ne ya kama shi sista." Wasu suce ya sha ruwan firij, wasu suce fanka. Ban musa ba, na dai ce to mu nemo abin da yasa sanyin nasa ya fi na yayyensa daɗewa tunda ɗaki ɗaya suke kwana.

Wani abu da na lura da shi, kalmar fuka tana rikita mu. A rediyo in ance tarin fuka tibi ake nufi, amma tsofaffi da yawa in sunce yaro fuka gare shi asma suke nufi. Yanzu na daina amfani da ita, tibi nake cewa ko asma kai tsaye.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Lamba 3, yarinya 'yar wata goma sha ɗaya. Mamanta awara take soyawa a ƙofar gida daga la'asar har bayan isha, da itace, kuma da leda take hura wutar don itacen ɗanye ne, yarinyar tana goye a bayanta duk tsawon lokacin. Na tsaya wajen minti ashirin idona ya yi ja yana ruwa. Tace da da gas take yi, tunda kaya suka yi tsada bayan cire tallafin mai a 2023 ta koma itace, in ta sayi gas ribar ta tafi. Me zan ce mata? Ba zan ce ta bar sana'ar da take ciyar da yara huɗu ba. Abin da muka shirya shi ne ta bar yarinyar wajen kakarta ta cikin gida lokacin suya, ta daina sa leda ko roba a wuta, ta juya murhun yadda iska zata kaɗa hayaƙin gaba ba kanta ba. Zan koma bayan sati uku.

Litinin, 2 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, yau da safe ko ƙarshen layinmu ba'a gani. Layin masu tari ya ninka.

Lamba 5 ne yake damuna. Yaro ɗan shekara biyu da wata huɗu, ƙato mai ƙiba, bai taɓa ciwon ƙirji ba sai kusan wata biyu da suka wuce, tun daga nan tari bai tsaya ba. Amoksil sau biyu a wajenmu, allurai a kemis, maganin tari na ruwa kwalba uku, an ce musu asma ce har an basu maganin buɗe ƙirji bai yi komai ba. Da na sa abin sauraro yau sai naji ɓangaren hagu iska tana shiga lafiya lau, ɓangaren dama kuma ƙasa-ƙasa take shiga da wani ɗan fito siriri a waje ɗaya. Asma ai ba ta zaɓar gefe, in ta kama duka biyun take kamawa. Na kira incaj ta saurara tace itama haka taji.

Na tambayi uwar ko ya taɓa shaƙewa da wani abu tace ita dai bata gani ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Alhamdulillahi da na koma gidan. Ina zaune a tabarma ina sake tambayar ranar da abin ya fara, uwar tana cewa ita dai ta san satin bikin ƙanwar mijinta ne, sai yayarsa 'yar shekara bakwai da ke raɓe jikin ƙofa ta fara kuka. Da ƙyar na lallashe ta ta faɗa. Ashe ranar kamu ita ta bashi gyaɗa soyayya yana gudu yana dariya, ya shaƙe ya yi ta tari har fuskarsa ta canza kala, can kuma ya lafa ya ci gaba da wasa, ita kuma tsoron duka ya hana ta faɗa wa kowa. Wata biyu yarinyar nan tana ɗauke da wannan a ranta.

Uwar ta miƙe zata kai mata hannu na riƙe ta nace Maman yara don girman Allah kar ki taɓa ta, yau ita ta bamu abin da allura goma bata bamu ba.

Haka abin yake yi, in ƙwayar ta wuce maƙogwaro ta sauka cikin bututun huhu sai tarin farko ya lafa kowa ya ɗauka ta wuce, alhali tana can ta toshe hanya, ga man gyaɗa yana sa wajen ya kumbura, sai limoniya ta riƙa dawowa a gefe ɗaya. Kuma gyaɗa ba ta fita a hoton ƙirji kamar yadda kwabo ko ƙusa zasu fito, sai dai likita ya gane daga yadda huhun gefen ya kumbura da iska ko ya lotsa. Na rubuta takardar turawa na sa labarin gyaɗar a layin farko da manyan baƙaƙe, na ja masa layi biyu. Da uban ya dawo nace Malam gobe da asuba asibitin koyarwa zaku, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, kar a biya kemis.

Litinin, 16 ga Disamba

An ciro ta. Rabin ƙwayar gyaɗa, ta yi baƙi ta jiƙe. Bacci aka sa shi aka zura wani ƙarfe na hangen cikin bututun huhu ta baki aka ɗauko ba tare da an yanka ko'ina ba. Uban ya sayar da tunkiyarsu biyu kafin kuɗin ya haɗu. Yau ya kawo shi na saurara, iska tana shiga dama da hagu daidai, na rasa abin faɗa sai hawaye.

Na je na duba katinsa na baya, hannuna ne ya rubuta amoksil na biyun. Da na tambayi ranar da abin ya fara tun a lokacin da ba'a kai wata biyu ba. Daga yau duk yaron da tarinsa ya fara rana ɗaya kwatsam babu mura babu zazzaɓi sai na tambayi yaran gidan ba uwa kaɗai ba, don su ne suke tare da shi a tsakar gida. A layin awo kuma na fara faɗa wa mata gyaɗa da aya da gurjiya da masara gasasshiya ba na ɗan ƙasa da shekara huɗu bane sai an daka.

Lamba 3 da sauƙi kaɗan, tarin dare ya ragu amma ƙirjin yana ƙara har yanzu in mura ta kama ta. Kakar tana riƙe ta amma itama turaren wuta bata rabo da shi.

Litinin, 30 ga Disamba

Lamba 1 da lamba 8 na cire su daga littafin. Mura ce kawai take jera musu, ɗaya ta tafi ɗaya ta zo, tsakani kuma lafiyarsu ƙalau suna cin abinci nauyinsu yana hawa. Yaro ƙarami mai yayye 'yan makaranta zai iya yin mura sau shida ko takwas a shekara kuma ba wani abu bane. Na roƙi iyayen su daina sayen maganin tari na ruwa, ruwan ɗumi da zuma cokali ɗaya ya fi musu, amma banda wanda bai cika shekara ba, shi ba'a bashi zuma.

Laraba, 8 ga Janairu 2025

Lamba 2. Wannan tun farko jikina ya bani. Yarinya 'yar shekara uku, tarinta ba mai ƙarfi bane ma, amma ta fi wata biyu tana yi, jikinta da ɗumi-ɗumi kullum da yamma, ta daina wasa, kuma da na jera awon nauyinta na wata biyar a takarda layin a kwance yake har ya fara sauka. Sau biyu ina tambaya ko akwai mai tari a gidan ana ce min babu. Yau ina zaune sai naji tari daga ɗakin zaure, irin mai zurfin nan da baya ƙarewa. Nace wane ne? Aka ce Baba ne, ai shi nasa na tsufa ne da sigarin da ya sha a da. Kuma a ɗakinsa yarinyar take wuni, shi yake bata shayi a kofinsa, 'yar gaban goshinsa ce.

Na durƙusa na gaishe shi nace Baba alfarma nazo nema, a bani kakinka a gwada. Yace 'yata ni da na kusa kabari me za'a gwada. Nace ba don kai kaɗai ba Baba, don amaryar taka ce, kaga yadda ta rame. Shiru ya yi can yace kawo robar.

Ita yarinyar ba ta iya fitar da kaki, yara haɗiye shi suke yi, shi yasa yanzu ake karɓar bahayansu a sa a injin GeneXpert ɗin da ake gwada kakin manya, tunda abin da aka haɗiye ta can zai fita. Wannan sauƙi ne babba, da sai an zura wa yaro roba ta hanci har ciki da sassafe kafin ya ci komai.

Talata, 21 ga Janairu

Na Baba ya nuna tibi. Na yarinyar bai nuna ba, uwar har ta fara murna, sai da na zaunar da ita na mata bayani cewa ƙwayoyin cutar a jikin yara kaɗan ne gwaji yakan rasa su, likita zai haɗa da hoton ƙirji da ramar da kuma zaman da tayi da mai cutar. Haka kuwa aka yi, da ya ga hoton yace a fara mata magani. Wata shida ne, kyauta, nata irin mai narkewa a ruwa ne. Na gaya musu fitsari zai koma ja-ja kamar lemo kar su tsorata, maganin ne, kuma ko ta warware a wata na biyu ba'a tsayawa. Ƙaninta ɗan shekara ɗaya an duba shi lafiyarsa ƙalau, an ɗora shi a maganin kariya.

Inda aikin yake shi ne surutun mutane. Uwar tace kar kishiyoyin gidan su ji, za'a ware musu kwano. Na ce mata iska ce take ɗaukarsa ba kwano ba, a buɗe taga, Baba ya riƙa zama a waje da rana yana rufe baki in zai yi tari, kuma in ya samu 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata haɗarin ya ragu sosai. Amma dole a duba sauran 'yan gidan, mutum goma sha huɗu ne. Shida sun yarda zuwa yanzu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Lamba 6 shi kam asma ce ta gaske, likita ma ya yarda. Shekararsa huɗu da rabi, tarinsa na tsakar dare ne da asuba, in ya yi gudu ƙirji ya kama fito gefe biyu, ubansa ma da ita ya tashi, kuma in aka bashi maganin buɗe ƙirji na salbutamol cikin minti goma sha biyar sai kaga yaro ya dawo daidai. Irin injin hurawar da ake gwada manya ba ya yiwuwa da 'yan ƙasa da shekara biyar ko shida don ba zasu iya bin umarnin ba, shi yasa a wannan shekarun labari ne da gwada magani a ga ko ya karɓa.

Na shiga ɗakin da yake kwana. Igiyar leko a ƙarƙashin gado kullum dare, taga a rufe an toshe da tsumma saboda sanyi, turaren wuta safe da yamma, kafet mai gashi da ta sha ƙurar hunturu, ga fiya-fiya da ake yayyafawa saboda kyankyaso. Ni da nake babba sai da na yi atishawa. Mun cire leko mun ɗaura gidan sauron da ke ninke a saman sif tun rabon da aka yi, kafet an naɗe, shara kuma sai an yayyafa ruwa kuma baya ɗakin. Turaren ne muka fi jayayya, tace sista ɗakin mace babu turare? Muka tsaya a kan ta riƙa yi in ya tafi islamiyya ta buɗe ƙofa kafin ya dawo.

Sai rigimar inhela. Kakarsa tace sam, wai in aka fara ba'a dainawa kuma tana raunana zuciya. Wannan maganar ina jinta kullum kuma tana sa yara suna wahala a banza. Nace Hajiya wanda ake shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, ɗan kaɗan ne a kan na ruwan da yake sha yana bin jiki duka yana sa shi rawar hannu. Na ɗauko gorar ruwa ta roba mai rabin lita na fasa gindinta daidai bakin inhela, a fesa sau ɗaya a ciki yaro ya kama bakin gorar ya ja numfashi sau biyar ko shida. Ba dabarata bace, likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada ta tun 1999 suka ga tana aiki kusan kamar wadda ake sayarwa. Yaron har daɗi abin ya masa. Likita ya ƙara musu ta kullum mai hana tashin ciwon, ita ce matsalar don ta yi tsada sosai yanzu, kuma sai an kurkure baki bayan an shaƙa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau ba daɗi. Lamba 7, jaririya 'yar wata bakwai da aka yi ta yi wa maganin limoniya. Uwar ce ta faɗi maganar da ta tsaya min, tace in tana shan nono sai ta kama ta saki ta kama ta saki, goshinta ya jiƙe da gumi ko a cikin sanyin nan. Nauyinta kamar na 'yar wata uku, numfashi 58 ko babu zazzaɓi. Mun tura an yi hoton zuciya, rami ne tsakanin ɗakunan ƙasa na zuciyar, jini yana yi wa huhu yawa shi yasa kullum take haki. An bata maganin rage ruwa ance a riƙa dawowa, ƙananan ramuka sukan toshe da kansu amma nata likita yace babba ne, wataƙila sai aiki. Uban ɗan acaɓa ne da aka hana, yanzu dako yake a kasuwa. Ya tambaye ni kuɗin aikin nace mu bari likita ya faɗa, na kasa kallon idonsa. Abin da ke hannuna shi ne in tabbatar bata rasa riga-kafi ko ɗaya ba, in nuna wa uwar ta riƙa bata nono kaɗan-kaɗan akai-akai, in kuma fara tambaya ko akwai masu taimaka wa irin waɗannan yaran.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Lamba 9 minshari yake kamar babba, baki buɗe dare da rana, har numfashin yakan ɗauke ya zabura. An kai shi wajen wanzami an cire beli tun bara babu abin da ya canza sai jinin da ya zubar. Tsokar bayan hanci ce ta kumbura, an basu ranar ganin likitan maƙogwaro bayan sallah.

Lamba 2 ta ƙara kusan kilo ɗaya. Da na shiga da gudu ta taho ta riƙe min hijabi. Baba ma ya fara fita masallaci.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya kai goma, zagayen ya ragu don ƙarfe biyu nake tashi in wuce gida girki. Hazo ya ja baya zafi ya fara. Lamba 6 sau ɗaya kawai ya tashi da dare a sati uku, amma bazan ce gyaran ɗaki da inhela ne kaɗai ba tunda hunturun ma ya wuce, sai wani sanyin ya zagayo zamu tabbatar. Lamba 3 suyar mamanta ta ƙaru saboda buɗa-baki, na tarar da ita a goye jiya, kakar bata da lafiya. Na yi magana da maƙociyarsu tace zata riƙa karɓarta daga la'asar zuwa magariba.

Incaj ta yarda mu ƙara layi uku a bayan katin duk yaron da ya dawo karo na biyu da tari: ranar da ya fara da yadda ya fara, wa ke tari a gida, nauyinsa na yau da na wancan zuwan. Na rubuta da maka na manna a bangon ɗakin duba yara don masu aikin dare.

Saura lamba 4. Tun Disamba ban sa shi a ido ba, ɗan shekara biyu mai sikila da limoniya ta kwantar sau biyu bara. An ce iyayen sun rabu uwar ta koma ƙauyensu wajen Ɗambatta da shi, wayarta bata shiga. Yau wata mai kawo awo tace ta san ƙanin uwar, yana sayar da kayan miya a bakin titi. Alhamis in Allah ya kaimu zan biya wajensa kafin in shiga aiki, na riga na kwafe katin yaron a takarda don ya kai mata ta nuna a asibitin can.